Haske a bakin ƙofa, duhu a wurin lodi: magana kan masu aikin dare

 

Maganar da zan yi yau maganar fitila ce. Na san wani zai ce a ransa, duk matsalolin da ke gabanmu, tsadar shinkafa, rashin aikin yi, tsaro, sai fitila? To ku ba ni ɗan lokaci. Fitilar da nake nufi ita ce wadda ake sa wa, ko ake ƙin sa wa, a farfajiyar masana'antu da mangazoji da garejin manyan motoci, wato filin da ke waje, inda ake lodi da sauke kaya bayan gari ya yi barci. Kusan kowa a nan yana da ɗan uwa ko maƙwabci da ke kwana a irin wannan fili, ko gardi, ko ɗan dako, ko karen mota, ko direba.

Akwai ayyukan da ba su san dare ba. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ba a kashe ta da magariba a kunna da safe. Haka murhun siminti a Malbaza, haka tashar wutar gawayi ta SONICHAR a Anu Araren. Irin waɗannan injuna in sun tashi sai su yi ta tafiya, ma'aikata ne ke karɓar juna. Amma yawancin masu aikin dare a ƙasar nan ba a manyan kamfanoni suke ba. Suna wurin lodin albasa a yankin Galmi da Madawa, suna mangazojin Maraɗi inda ake sauke shinkafa da siminti da ƙarfen gini, suna wuraren da gingimari ke kwana suna jiran takardun duwan. Kuma duk wanda ya san watan Afrilu da Mayu a ƙasarmu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san dalilin da ya sa ɗan dako ya fi son ɗaukar buhu da dare. Cikin azumi ma haka. Saboda haka aikin dare ba zai gushe ba, kuma ni ban zo in ce a daina shi ba. Abin da nake tambaya shi ne, cikin wane irin haske ake yin sa?

Bari mu fara da ido, domin daga nan matsalar take tasowa. Idan ka fito daga ɗaki mai haske ka shiga duhu, idonka ba ya sabawa nan take. Yana fara gani kaɗan-kaɗan cikin ƴan mintoci, amma kafin ya kai iyakar ganinsa a duhu sai ya ɗauki minti 20 zuwa 30. Komawa haske kuwa da sauri yake, kuma haske mai ƙarfi na ɗan lokaci ya isa ya rushe sabon da ido ya yi da duhu. Yanzu ku ɗauki direban da ya shigo ta ƙofar da aka kafa wa babbar fitila tana haska fuskarsa, ya wuce ta, ya shiga bayan mangaza inda babu komai sai duhu, ya sa ribas. A wannan lokacin idonsa a buɗe yake amma kusan makaho ne. In akwai yaro a tsugune bayan motar yana gyara igiya, to sai dai Allah ya kiyaye.

Ƙari a kan haka, jikin ɗan Adam yana da agogonsa. Tsakanin ƙarfe uku zuwa biyar na asuba ne barci ya fi rinjayar mutum, hankali ya yi nauyi, hannu ya yi jinkirin taka birki ko janye ƙafa. Shekaru ma suna da nasu. Hasken da ke isa cikin idon mai shekara 60 bai wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon mai shekara 20 ba. Ku tuna su wa ake ɗauka aikin gadi a garuruwanmu. Dattawa ne, mafi yawa. Mutumin da ya fi kowa buƙatar haske shi ake ba tocila mai raunin batir a ce ya zagaya fili.

Haske yana da ma'auni, kamar yadda hatsi ke da tiya. Sunan ma'aunin luks, kuma yana faɗin yawan hasken da ya sauka a kan wuri. Rana tsaka tana iya kai luks 100,000. Ofis mai kyau ana son ya samu kamar 500. Farin wata na daren sha huɗu, wanda muke cewa kamar rana, bai kai luks ɗaya ba, bai ma kai rabi ba. A Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 12464-2 da aka rubuta musamman saboda wuraren aiki na waje. Ta ce hanyar da mutane kaɗai ke bi a ƙafa ta samu aƙalla luks 5, inda ababen hawa ke tafiya a hankali luks 10, inda motoci ke zirga-zirga kullum luks 20, inda kuma mota ke juyawa ko ake lodi da saukewa ko mutane ke tsallaka hanyar mota, luks 50. Dokar aiki ta Faransa ta sa luks 10 ga hanyoyin waje, da luks 40 ga filin da ake aiki a cikinsa kullum. Ban kawo waɗannan lambobi don in ce komai na Turawa shi ne daidai ba. Na kawo su ne don ku ga abin ana auna shi, ba a barin sa ga ra'ayin mai gida. Kuma ku lura da inda lambar ta fi girma: wurin da mutum da mota suke haɗuwa.

To a nan ne nake da ƙorafi, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni. Ku zagaya da dare ku duba inda masu wurare suke kafa fitilunsu. Za ku ga ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a kan allon sunan kamfani, ɗaya a ƙofar ofishin da ake ajiye kuɗi, wasu a kan katanga suna kallon waje. Duk waɗannan ɓarawo ake wa. An haska dukiya. Wurin da ɗan dako ke hawa katako da buhu mai kilo 50 ko 100 a kansa, tsakanin tirela biyu da aka jera, nan kuwa sai hasken wayar salula da wani ya riƙe a baki. Wanda ya sayi fitila goma saboda kayansa ba zai ce mini ba shi da kuɗin fitila ba. Yana da shi. Lissafinsa ne bai haɗa da ƙafar ma'aikaci ba.

Kuma ko inda aka yi niyyar kirki, sau da yawa ana kuskuren kafawa. Wanda aka fi yi shi ne a sayi fitila ɗaya mai ƙarfin gaske, a ɗaura ta a gini ƙasa-ƙasa, a juya ta tana kallon fili kai tsaye. Mai wuri ya tsaya a bayanta ya ga fili fes, ya ce aiki ya yi. Amma wanda ke tahowa ta gabanta ba ya ganin komai sai farin da ke kashe masa ido. Sannan duk abin da ya tsaya a gabanta, mota ko tarin buhuna ko kwantena, sai ya jefa doguwar inuwa baƙa ƙirin a bayansa. Cikin wannan inuwa rami yake, da ƙarfen da aka yar, da man da ya zube, da mutum. Fili mai haske ƙwarai a gefe ɗaya da duhu ƙwarai a ɗaya gefen ya fi fili mai matsakaicin haske ko'ina haɗari, saboda ido yana daidaita kansa da wurin da ya fi haske, sai sauran ya ƙara duhu.

Maganin wannan ba boyayye ba ne. Fitila ta hau sama, a kan dogon ƙarfe, ta kalli ƙasa. Gara fitilu shida matsakaita da aka rarraba da guda ɗaya ƙatuwa. Kowane wurin aiki haske ya zo masa ta ɓangare biyu aƙalla, don inuwar da wannan ta yi waccan ta cike ta. A kuma tuna haske yana raguwa da sauri in an yi nisa: in ka ninka tazara sau biyu, abin da ke isowa kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Fitilar da ta wadatar a mita 10, a mita 20 ta zama kwata. Akwai wani abu kuma da ba a cika tunawa ba. Fili yana sauya kama. Ranar da mai gyaran wuta ya zo ya kafa fitilu, wataƙila filin babu kowa. Da dare kuwa gingimari takwas sun shigo sun jeru, kowace tsayinta ya kusa mita huɗu, sun tare hasken gaba ɗaya. Don haka a duba haske lokacin da fili ya cika, a kuma duba shi a lungun da ke tsakanin motoci, inda karen mota ke kwance igiya da tamfol.

Bari in yi muku lissafi, don kada a tsorata ku da maganar kuɗi. A ce fili mai tsawon mita 50 da faɗin mita 40. Murabba'in mita 2,000 ke nan. Hasken da fitila ke fitarwa ana ƙirga shi da lumen, kuma luks ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. In muna son luks 20 a ko'ina, muna buƙatar lumen 40,000 su sauka ƙasa. Mu ɗauka rabin hasken yana ɓacewa, wani ya tafi sama, wani ƙura ta cinye, sai mu nemi 80,000. Fitilar LED ta gaskiya mai wat 100 tana ba da lumen 10,000 ko fiye. Fitila takwas ke nan, wat 800 gaba ɗaya, bai kai abin da dutsen guga ɗaya ke ja ba. In sun kwana a kunne awa 12, ba su kai kilowat-awa 10 ba. Sai a ƙara biyu ko uku a daidai wurin lodi. Ku gwada wannan da kuɗin kayan da ke cikin tirela ɗaya tak, ko da kuɗin ɗorin ƙafar mutum ɗaya da watannin da zai yi a kwance iyalinsa ba abinci.

Na san abin da za ku ce: ina wutar take? Gaskiya ne. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Ko ba wannan ba, duk lokacin zafi mun san yadda ake ɗauke wuta. Amma wannan hujja ce ta a ƙara shiri. Mafi munin lokaci a filin aiki shi ne daƙiƙun farko bayan ɗaukewar wuta: injin ɗaga kaya yana tafe da kaya a sama, mota tana ribas, mutum yana kan tsani, sai duhu ɗif, kuma ido bai saba ba. Kafin gardi ya je ya tada gurup an yi minti nawa? Shi ya sa ake buƙatar wasu fitilu masu batir nasu, waɗanda ke kamawa da kansu, ko da ba su da ƙarfi, a matakala, a wurin lodi, a hanyar fita. Tsofaffin fitilun nan masu jan haske irin na bakin titi suna da wani aibi a nan: in wuta ta ɗauke ta dawo, sai sun huce sun sake ɗumi, mintoci ke nan kafin su ba da cikakken haske. LED kuwa nan take take kamawa.

Rana kam Allah ya ba mu. Tashar sola ta Malbaza tana aiki tun 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara a 2023, kuma fitilun sola sun cika kasuwanninmu. Sai dai a nan ma a yi hattara. Za ka ga fitila a kwali an rubuta wat 300 ko 500, farashinta jika kaɗan, batirinta bai fi na waya biyu ba. Da magariba tana haske kamar gaske, mai saye ya ji daɗi. Ƙarfe biyu na dare ta fara lumshewa, ƙarfe huɗu ta mutu, daidai lokacin da na ce muku barci ya fi kama ma'aikaci. Darenmu awa 11 zuwa 13 ne gwargwadon lokacin shekara, to batirin da ba zai kai asuba ba bai yi ba. Wasu kuma masu na'urar jin motsi ne, sai mutum ya matso su ƙara haske, in ya wuce su rage. Wannan ya yi daidai da tsakar gida. A filin da mota ke yawo, direba yana buƙatar ganin mutum tun daga nesa, tun kafin fitila ta ji motsinsa.

Sai ƙura. Cikin hunturu, mako biyu ya isa faifan sola da gilashin fitila su yi fari fat, caji ya ragu, haske ya ragu, ba wanda ya lura domin a hankali abin yake zuwa. Wurin siminti da wurin casar hatsi ma ba sai hunturu ba. A nemi fitilar da aka rubuta wa IP65 ko sama, lamba 6 ɗin nan tana nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma tana jure feshin ruwa. A kuma sa wa wani mutum takamaimai aikin gogewa da sauya wadda ta mutu, da sunansa, da ranarsa. In aka ce aikin kowa ne, fitila za ta shekara a mace. Da damina kuma ƙwari ke taruwa a farin haske mai shuɗi-shuɗi, mai ɗan ja-ja ya fi sauƙin wannan. Kuma kada a manta da ƙasa: kububuwa da kunama da dare suke fita, gardi da takalmin soso yake zagaye bayan mangaza inda ciyawa da tarkace suke.

Wuraren mai da gas nasu daban ne, kuma a nan ina roƙonku ku saurara da kyau. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa yana bin rami, kuma ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Mutanen Yamai ba su manta da daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama ta kama da wuta, mutane fiye da 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A inda ake juye mai, fitilar kasuwa da waya mai ɗauri da leda da soket mai tartsatsi su kansu haɗari ne. Akwai fitilu da tociloli na musamman da aka rufe su yadda tartsatsi ba ya fita, ana sa musu alamar Ex. Suna da tsada, amma wanda ke sayar da mai tanka-tanka ba zai ce ta fi ƙarfinsa ba.

Riga mai ƙyalli da ake raba wa ma'aikata tana da amfani, a sa ta. Amma ku san yadda take aiki: tana maida haske ne zuwa inda ya fito. In fitilar mota ta haska ka, direba zai gan ka. In kana bayan tirelar da fitilun bayanta suka mutu tun bara, rigar ba ta da abin da za ta mayar. Kada a ba mutum riga a ce an gama da shi.

Ta fuskar doka, ba a bar mu hannu sake ba. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin ɗaukar matakan kare rai da lafiyar ma'aikatansa, ta kuma tanadi kwamitin tsaro da lafiya a wurin aiki, wanda wakilan ma'aikata ke ciki. Akwai sufetocin aiki a jihohi, akwai asusun CNSS da ke biyan diyyar haɗarin aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 171 ta 1990 a kan aikin dare kaɗai, kuma a 2022 ta sa wurin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Matsalar ita ce ɗan dakon da ake biya buhu-buhu ba ya cikin rajistar kowa. In ya faɗo daga kan mota ƙarfe uku na dare, sai a kai shi wurin mai ɗori, a ba shi jika biyar, a ce ƙaddara ce, Allah ya sawwaƙe. Washegari wani ya hau wannan katakon cikin wannan duhun. Ba a rubuta ba, ba a ƙirga ba, saboda haka a takarda filin lafiya lau yake. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya ce ƙaddara ce bai bar ƙofar ofishin kuɗinsa a duhu ya ce ƙaddara za ta tsare ta ba.

To me ku za ku iya yi? Wayar da ke hannunku tana da ɗan ido mai jin haske, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke nuna luks. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa su nuna bambancin luks 2 da luks 30. In kana aiki a irin wannan wuri, ko yayanka, ko babanka yana gadi, ku zana filin a takarda, ku auna a ƙasa a wuri goma ko sha biyar: ƙofa, wurin juyawar mota, wurin lodi, tsakanin motoci, matakala, hanyar ban ɗaki, inda ake alwala da salla, inda masu abinci ke zama. Mata masu tuwo da masu shayi da ke kwana a bakin waɗannan wurare su ma cikin lissafin suke, kuma duhu yana jawo musu wani haɗarin da ba na mota ba, kun san abin da nake nufi. Ku auna sau biyu, bayan isha da kuma wajen ƙarfe huɗu. Ku rubuta fitila nawa ce a kafe, nawa ke aiki.

Kada ku tsallaka katangar kowa, kada ku ɗauki hoton wurin da aka hana, musamman a halin tsaron da muke ciki. Ku bi ta hannun masu aiki a wurin. Takardar ku kai wa wakilin ma'aikata, ko shugaban ƴan dako, ko sarkin tasha, su je wa mai wuri da ita tare da lissafin fitila takwas ɗin nan da na yi muku. Da yawa daga cikin masu wuraren nan ba su taɓa tsayawa a filinsu ƙarfe huɗu na asuba ba, suna gida. Ku gayyace shi ya zo ya tsaya a bayan tirela sau ɗaya, a kashe wayoyi, ya duba da idonsa. In ya gyara, ku faɗi alherinsa a fili, sauran su ji. In ya ƙi, ku ajiye kwafin takardar da kwanan wata, ku kai ɗaya ofishin sufeton aiki, ku karɓi shaidar cewa an karɓa.

Na ga akwai masu gyaran wuta da ɗaliban fasaha a cikinku. Ku da kuka iya lissafin lumen da batir, in an tashi ku tsaya a baya, mu raba unguwanni, kowane rukuni ya ɗauki fili biyu kafin ƙarshen wata. Sai tambayoyi.